Wasiƙar kwamitin unguwa kan shaye-shaye: a ƙara kamu, ko a fara tsare rai?

Dakta Maryam:
Assalamu alaikum iyayena da 'yan'uwa. Na karanta daftarin wasiƙar da kwamitin unguwa zai aika wa ɗan majalisarmu na jiha kan shaye-shaye, kuma ina roƙon a jinkirta sa hannu har sai an saurari wani ɓangare na maganar. Wasiƙar ta nemi a ƙara samame a wuraren da samari ke taruwa, a ƙara wa 'yan sintiri ƙarfi, a kuma tsananta hukunci, amma babu layi ko ɗaya da ya taɓo magani, ko ya taɓo yadda za a hana yaran nan mutuwa kafin Allah ya ba su ikon dainawa. Binciken 2018 da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya nuna cewa mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da wani kayan maye a cikin shekara guda, ban da giya da sigari, kuma kusan miliyan 3 daga cikinsu abin ya riga ya zama musu cuta. Duk fursunonin ƙasar nan ba su kai 100,000 ba, a hakan ma gidajen yarin sun cika sun batse. Kamu ba zai ishe mu ba ko da shi muke so. Ina neman a ƙara sashe kan rage illa: a samar da nalokson, allurar da ke farfaɗo da wanda ƙwaya ta danne masa numfashi, a ba masu yi wa kansu allura sirinji sabo, a buɗe hanyar magani a asibiti, a kuma daina dukan mashayi da sunan gyara.

Alhaji Sani:
Wa alaikumus salam. Likita, ke 'yata ce, kuma ina mutunta iliminki, amma wannan magana ta yi mini nauyi. Mu da muke kasuwar Katako a nan Jos mu ne muke ganin abin da ƙwaya ke yi da rana tsaka. Yaro ya sha ya bugu, ya tare matar aure a Bauchi Road ya ƙwace mata waya da wuƙa, sannan a ce mu saya masa sirinji sabo? A rikice-rikicen da garin nan ya sha a 2001 da 2008 da 2010, na ga yaran da aka tura gaba da idona, da yawansu ba a cikin hayyacinsu suke ba. Haƙƙin ɗan'adam da ake ta faɗa, ita matar da aka yi wa ƙwace ba ta da shi ne? Ni a ganina sassauci ne ya kai mu inda muke.

Barista Nuhu:
Ranka ya daɗe Alhaji, matar da aka yi wa ƙwace tana da haƙƙi cikakke, kuma wanda ya tare ta da wuƙa ɗan fashi ne, dokar fashi ce za ta hau kansa, ko ya sha ko bai sha ba. Inda nake son a gyara shi ne batun sassauci, domin dokarmu ba ta taɓa yin sassauci ba. Dokar da ta kafa NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, tun 1989 ta tanadi ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka samu da hodar iblis ko hiroyin ko makamantansu, ko da don shan kansa ya riƙe. Kafin ita ma, a watan Afrilun 1985 gwamnatin soja ta harbe mutum 3 a Legas saboda safarar ƙwaya. A watan Mayun 2024 Majalisar Dattawa ta amince da hukuncin kisa ga masu safara. To, shekara kusan 40 ana wannan tsanani, sai ga shi an wayi gari da miliyan 14.3. Ban ce a saki dillalai ba. Cewa nake yi mun gwada tsanani a kan mashayi iyakar gwadawa, kuma wasiƙarmu tana neman ƙarin abin da bai yi aiki ba.

Akwai kuma abin da ya kamata kwamiti ya sani: shari'ar ƙwaya ta Babbar Kotun Tarayya ce, majalisar jiha ba ta da ikon ƙara ko rage waɗannan shekarun. Abin da ɗan majalisarmu ke da hannu a kai shi ne kasafin lafiya na jiha, da gadajen asibiti, da ƙa'idar aikin 'yan sintiri.

Malam Ibrahim:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Ni tambayata ga Likita ta addini ce. Allah Maɗaukaki ya ce a Suratul Ma'ida mu taimaki juna a kan alheri da taƙawa, kada mu taimaki juna a kan saɓo da ƙetare iyaka. Wanda ya miƙa wa mutum sirinji alhali ya san abin da zai yi da shi, ta yaya zai fita daga wannan hani? Allurar farfaɗowa ba ni da ja a kanta, domin ceton rai wajibi ne, kuma surar nan ɗin ce ta ce wanda ya raya rai ɗaya kamar ya raya mutane duka ne. Sirinjin ne ya tsaya mini a rai.

Sista Rifkatu:
Malam, da izininka bari in amsa daga abin da muke gani a ɗakin jinya, Likita ta ƙara nata. Wanda ke yi wa kansa allurar penta, wato maganin kashe zafin ciwo, ko ta hiroyin ba ya fasa yi don ya rasa sirinji sabo. Abin da yake yi shi ne ya karɓi na abokinsa, ko ya tsinci wanda aka jefar a bola, mutum huɗu ko biyar su yi ta zagayawa da allura ɗaya. Ta nan ƙanjamau da ciwon hanta ke shiga jini kai tsaye. Binciken 2018 ɗin da Likita ta ambata ya ƙiyasta masu yi wa kansu allura a ƙasar nan da kimanin 80,000. Yawan masu ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau a tsakanin manya gaba ɗaya kashi 1.4 ne cikin 100 a wani bincike na 2018, amma a tsakanin masu allura binciken 2020 ya same shi kusan kashi 11. Kuma cutar ba ta tsayawa a jikin mai allurar. Yana da mata a gida wadda ba ta taɓa shan ko sigari ba, ita kuma tana da ciki. Mu ne muke karɓar wannan matar a awon ciki, mu ne muke gaya mata sakamakon gwaji.

Kada kuma a ɗauka duk 'yan daba ne. A cikin waɗanda penta ta kama akwai masu ciwon sikila da aka fara yi musu ita a asibiti saboda zafin ciwo, akwai ma'aikatan lafiya irina. A cikin masu shan tiramadol akwai masu haƙar kuza da leburorin gini da masu keke-napep, waɗanda suka fara don su jure aiki. Wannan ba uzuri nake ba su ba, bayani ne kan waɗanda wasiƙarmu ke cewa a ƙara kamawa.

Dakta Maryam:
Na gode Sista. Malam, ƙarin da zan yi shi ne wurin ba da sirinji ba shago ba ne da za a miƙa a juya baya. Mutum yana kawo tsohon sirinji a ƙona shi, a gwada jininsa, a wanke masa gyambon da allura ta yi masa, wanda aka samu da ƙanjamau a ɗora shi kan magani, kuma a kowane zuwa ana yi masa tayin dainawa. Ga mafi yawansu nan ce ƙofa ta farko da suka taɓa shiga aka yi musu magana ba da zagi ba. Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da kanta ta fara gwajin wannan shiri a 2020 a jihohin Gombe da Abiya da Oyo, saboda haka ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan.

Kuma ba ƙasashen Turai kaɗai ke yi ba. Iran, wadda ke maƙwabtaka da Afganistan kuma ta sha fama da hiroyin, tana ba da sirinji da metadon, shi metadon ɗin har a cikin gidajen yari. Maleshiya ta fara metadon a 2005, sirinji a 2006, har aka kai ga ba da metadon a harabar wani masallaci a Kuala Lumpur. Shi metadon ruwan magani ne da ake sha sau ɗaya a rana a gaban ma'aikacin lafiya, yana kashe ƙishirwar ƙwayar da ciwon jikin da ke biyo bayan rashinta ba tare da ya bugar da mutum ba in an daidaita awonsa, sai ya iya zuwa aiki ya kuma tsaya a sahu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin magunguna masu muhimmanci tun 2005.

Injiniya Kabiru:
Ina bin muhawarar nan tun farko, kuma ina ganin an bar wani abu a baya. Duk lokacin da aka yi wannan magana sai a kawo Fotugal, wadda ta daina ɗaure masu riƙe ƙwaya don shan kansu a 2001. Gaskiya ne, amma Fotugal ta zuba kuɗi a asibitoci da ma'aikatan jin daɗin jama'a, kuma wanda aka kama ana kai shi gaban wani kwamiti da zai tura shi magani. Jihar Oregon ta Amurka ta kwaikwayi rabin abin a 2020, ta cire hukunci kafin wuraren magani su tsaya da ƙafarsu, mutane suka riƙa sha a fili a kan titi, a 2024 kuma suka mayar da hukuncin. Mu da asibitin unguwarmu ke rasa safar hannu, wane rabin kuke zaton za mu kwaikwaya? Tsorona shi ne a cire tsoron hukuma, magani kuma bai zo ba.

Dakta Maryam:
Injiniya, wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da aka kawo, kuma na yarda da darasin Oregon. Shi ya sa abin da na nema a wasiƙar duk na magani ne, ban nemi a halatta komai ba. Amma batun talauci bai hana wasu ƙasashen Afirka ba. Tanzaniya ta buɗe asibitin metadon a Muhimbili da ke Darussalam a 2011. Senegal ta buɗe cibiyarta a Dakar a ƙarshen 2014, ita ce ta farko a Afirka ta Yamma. A lokacin da suka fara, waɗannan ba su fi mu arziki ba. Mu kuma a nan Jos muna da sashen masu taɓin hankali a asibitin koyarwa, kuma a garin nan aka kafa cibiyar binciken shaye-shaye ta CRISA tun 1990. Masana ba su ne suka yi mana ƙaranci ba.

Ka duba kuma abin da ya faru da kodin. A watan Mayun 2018, bayan binciken da BBC ta yi, gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Matakin ya dace, amma ba a tanadi komai ga waɗanda jikinsu ya riga ya saba ba. Kwalba ta yi tsada, sai muka riƙa ganinsu a asibiti sun koma tiramadol mai ƙarfin 225, ko roci, ko sholisho, wasu suka gangara ga goskolo, giyar nan da ake haɗawa a gida. An toshe hanya ɗaya, mai ƙishirwar yana nan yadda yake.

Maman Ummi:
Ni ba ni da ilimin da kuke da shi, uwa ce kawai. Ɗana na biyu ƙwaya ta kama shi, ya sayar da keken ɗinkina, ya ɗaga wa mahaifinsa hannu. Mun nemi gado a asibiti aka ce babu, wuraren kuɗi kuma abin da suka nema ya fi ƙarfin gidanmu. Da hannuna na kai shi gidan mari, domin ban ga wata ƙofa ba. Ya dawo da tabon sarƙa a ƙafa, ba ya haɗa ido da kowa, bai kuma daɗe ba ya koma sha fiye da da. Alhaji, na fahimci fushinka domin na yi irinsa. Amma in za a rubuta wa ɗan majalisa, a rubuta masa cewa uwa tana buƙatar wurin da za ta kai ɗanta wanda ba kurkuku ba, ba kuma gidan sarƙa ba.

Barista Nuhu:
Allah ya shirya mana shi, Hajiya. Abin da ya same ki shi ne ainihin inda maganar haƙƙi take. A watan Satumban 2019 'yan sanda sun fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu a cikin mari, daga baya aka gano irinsa a Daura da wasu garuruwa. Iyaye ne suka kai mafi yawansu, da kuɗinsu, saboda rashin madadi. Sashe na 34 na tsarin mulki ya hana azabtarwa da wulaƙanta ɗan'adam, bai kuma cire mashayi ba. Akwai dokar hana azabtarwa ta 2017. Akwai dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Ɗan sintirin da ya ɗaure yaro a bishiya, ya aske masa kai da kwalba, ya ɗauki bidiyo ya watsa a WhatsApp, laifi ya aikata a idon doka, ko da unguwa ta yi masa tafi.

Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 da dokar gidajen gyaran hali ta 2019 sun ba alƙali damar yanke hukuncin da ba na ɗauri ba, kamar aikin al'umma. Gana ta wuce mu a nan: dokarta ta 2020 ta mayar da hukuncin riƙe ƙwaya don shan kai tara maimakon ɗauri. Tun 2014 ma kwamitin Afirka ta Yamma kan ƙwayoyi, wanda Kofi Annan ya kafa kuma Obasanjo ya shugabanta, ya ba da shawarar a ɗauki shaye-shaye a matsayin matsalar lafiya, a mayar da ƙarfin hukuma kan manyan masu safara. Obasanjo kuwa tsohon soja ne, babu mai zarginsa da sanyin hannu.

Malam Ibrahim:
Na saurara da kyau. A kan duka da tozartawa, nassi yana tare da ku. Ya tabbata a Bukhari cewa an sha kawo wani mutum gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, saboda shan giya, da wani ya tsine masa sai Annabi ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. A wata ruwayar ya ce kada a zama mataimakan Shaiɗan a kan ɗan'uwa. Hukunci kuma na alƙali ne, ba na matasan unguwa ba. Metadon, in likita ne ya rubuta kuma manufar ita ce a raba mutum da maye, ina ganinsa a babin magani. Sirinji kuwa, na san ƙa'idar malamai ta ɗaukar mafi sauƙin cuta biyu, kuma maganar matar aure da jaririnta da Sista ta kawo ta shige ni. Amma ƙa'idar tana aiki ne in an tabbatar babbar cutar za ta ragu, ƙaramar kuma ba za ta yaɗu ba. Ina son a kawo mana abin da aka gani a Gombe, in kai wa malamaina mu duba, kafin in sa hannu a wannan sashen.

Bashir:
Iyayena, ku yi haƙuri in sa baki, ni ne ƙarami a nan. Da yawanku kun san na yi wannan rayuwar kafin Allah ya tsamo ni. Abokina ya rasu a gabanmu a wani kango bayan ya haɗa tiramadol da wasu ƙwayoyi. Mun ga numfashinsa yana ja baya, leɓensa ya canza launi, amma babu wanda ya yarda ya ɗauke shi zuwa asibiti ko ya kira manya, domin kowa na tsoron a kama shi ko a yi masa dukan kawo wuƙa. Muka yi ta zuba masa ruwa har ya cika. Ba ƙwayar kaɗai ta kashe shi ba, tsoronmu ma ya taimaka. Ni kuma abin da ya fitar da ni ba duka ba ne, an yi mini shi ba adadi. Wata ma'aikaciyar jinya ce ta wanke mini ciwo ba ta yamutsa fuska ba, ta ce in dawo, na dawo, a hankali har ta haɗa ni da likita.

Alhaji Sani:
Allah ya jiƙansa, kai kuma Allah ya ƙara tsare ka, Bashir. Maganarka da ta Maman Ummi sun fi mini duk alƙaluman da aka kawo. Na yarda a sa neman gadajen magani a wasiƙar, na yarda a sa allurar farfaɗowa, kuma zan yi wa yaran sintiri magana kan duka da ɗaukar bidiyo, tunda ni ne ubansu a kwamiti. Sirinji ban yarda ba, ina nan tare da Malam har a kawo bayani. Sharaɗina kuma shi ne kada a cire maganar masu sayarwa. Mai kemis ɗin da ke ba yaro ɗan shekara 14 ƙwaya ba takardar likita, da dillalin da ke kawo ta katan-katan, waɗannan a bi su har inda suke.

Dakta Maryam:
Baba, a kan masu sayarwa bakinmu ɗaya. Sashen sirinji kuma ba zan janye shi ba, amma na yarda a ware shi a takarda ta biyu har Malam ya gama dubawa. Tunda ka ambaci yaran sintiri, ga shawara: su ne a farke da ƙarfe biyun dare, su ne ke fara isa wurin. A koya musu gane alamun, wato numfashi a hankali ƙwarai ko mai kama da minshari, da ƙwayar ido da ta tsuke, da mutumin da ba ya farkawa ko an girgiza shi. A koya musu kwantar da shi a gefensa da yi masa nalokson. Sai dai a sani, tana aiki ne a kan dangin hiroyin da kodin da penta, a kan tiramadol kuma tana gyara numfashi amma ba ta hana farfaɗiyar da yake jawowa. Ba ta yin komai a kan roci ko giya. Ƙarfinta kuma yana iya ƙarewa cikin minti 30 zuwa 90 alhali ƙwayar tana jiki, don haka ko ya farka dole a wuce da shi asibiti.

Bashir:
Anti Likita, shawarar tana da kyau, amma babu wanda zai kira 'yan sintiri a yadda ake ganinsu yanzu, ko da allurar tana aljihunsu. Sai an yi alkawari a fili, a faɗa a masallatai da coci-coci, cewa duk wanda ya kira don a ceci abokinsa ba za a dake shi ba, ba za a kuma miƙa shi ba.

Alhaji Sani:
Wanda ya kira don ceton rai, na ɗauki wannan alkawarin a kansa, zan kuma tara yaran bayan sallar Juma'a in gaya musu a gaban Malam. Wanda aka tarar da jakar kaya yana sayarwa kuwa, ba na yi masa alkawarin komai. Barista, ka rubuta shi yadda bambancin zai fito sarai, ka turo mu gani kafin Alhamis.